A ƙara jinin ko a jira? Maganar ƙarin jini da ciwon tiyata da ke yin ruwa

Gwaggona aka ce za a yi wa aikin gwiwa, irin wanda ake cire gaɓar da ta cinye a sa ta ƙarfe, tun ma ba a sa rana ba gida ya rabu biyu. Baffa yace shi fa ya ji ance duk wanda aka ƙara wa jini ciwonsa ruwa yake yi, ɗinki ya ƙi kamewa, don haka ko leda ɗaya kar a sake a yarda. Yaya kuma tace haba Baffa, ai wanda zai shiga tiyata gara a cika masa jiki da jini, a sa mata leda biyu tun kafin a shiga ta samu ƙarfi. Da yake ni ce mai aikin jinya a gidan, kuma na daɗe a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka fito dasu daga tiyata, sai kowa ya juyo kaina wai ke me kika ce. Nace Baffa ka yi haƙuri, kai da Yaya kowa ya riƙe rabin gaskiya ne ya saki rabi. Abinda na warware musu a zaune shine zan ɗan faɗaɗa anan, don tambayar nan ba gidanmu kaɗai ake yinta ba.

Bari mu fara da shi kansa ciwon. In ance wurin aiki ya kamu da cuta, ko ciwo ya yi ruwa kamar yadda muke cewa, ana nufin ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama a inda aka yanka. Hukumar CDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Amurka tana ƙirga shi in ya faru cikin kwana 30 bayan aiki, in kuma irin aikin da aka sa ƙarfe ne ko wani abu a jiki to har kwana 90. Wani a fata kawai yake tsayawa, wani ya nutse cikin tsoka, wani ya kai har cikin ciki ko kan ƙarfen da aka sa, wannan na ƙarshen shine wanda likitan ƙashi baya son ko jin sunansa, saboda wani lokacin sai an sake buɗewa an cire ƙarfen gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, lokacin da ta fitar da ƙa'idojinta na kare wannan matsala a 2016, tace a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi kusan mutum 11 cikin 100 da aka yi wa tiyata suna kamuwa. Ni kam na san yadda yake zuwa. Kwana na biyar ko na shida ka ɗaga bandeji, gefen ɗinkin ya yi ja yana sheƙi, ka sa bayan hannu ka ji wurin ya fi ko'ina zafi, mara lafiyan yace miki jiya da daddare ciwon zugi yake kamar ana buga ganga a ciki, ki ɗan danna kusa da zare ɗaya sai mugunya ta ɓullo. Shikenan, sallamar da aka sa gobe ta tashi, likita ya zo ya warware zare biyu ko uku don ruwan ya samu hanya, a koma wanki kullum.

To ina jini ya shigo? Baffa bai ƙirƙira ba. A 1973 wasu masu bincike a Amurka, Opelz da Terasaki, suka lura da wani abin mamaki, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda in an taɓa ƙara musu jini kafin dashen, jikinsu ya fi karɓar ƙodar, baya saurin ƙinta. Ma'ana jinin wani in ya shiga jikinka yana ɗan kwantar da garkuwar jiki, sojojin jikin su ɗan yi sanyi. Ga mai dashen ƙoda wannan alheri ne. Amma ga wanda aka yanka jiya kuma yana buƙatar sojojin nan su tsare ƙofar da aka buɗe, ka ga akwai abin dubawa. Daga nan ne aka yi ta bin diddigi, kuma bincike iri iri da suka duba fayil ɗin dubban marasa lafiya sun nuna cewa lallai waɗanda aka ƙara wa jini sun fi samun ciwo mai ruwa, kuma yawan leda yawan haɗari.

Sai dai anan ne nake son a tsaya a yi tunani, don anan mutane da yawa suke zamewa. Wanene ake ƙara wa jini? Ai ba wanda aka yi wa aikin minti ashirin ya tashi ya tafi gida bane. Wanda aikinsa ya yi tsawo ne, awa huɗu awa biyar ciki a buɗe, wanda ya zubar da jini sosai, tsoho, mai ciwon daji, mai ciwon ƙoda, wanda dama ya zo jikinsa a raunane. Irin wannan mutumin ko ba a ƙara masa ɗigon jini ba shine dai zai fi kowa haɗarin ciwo ya yi ruwa. Kamar ka ce duk gidan da ka ga motar kashe gobara a ƙofa akwai wuta, don haka motar ce ke kawo wuta. Shi yasa ba a tsaya kan duba fayil ba, sai da aka yi irin binciken da ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗannan a ƙara musu da wuri, waɗancan a jira, sannan a ga me zai faru.

Kuma wannan shine zaɓi na farko, wanda ya fi kowanne nauyi: a ƙara da wuri, ko a jira jinin ya sauka zuwa wani mizani tukunna.

Don a fahimci lambobin, ana auna himogulobin ne, shi ne abinda ke ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, in kuma PCV ka saba ji to ka ninka lambar sau uku za ka samu kusan daidai. Himogulobin 10 shine PCV wajen 30, 8 wajen 24, 7 wajen 21. Tun 1942, daga wani rubutu na Adams da Lundy, likitoci suka riƙe cewa kar a bar mai tiyata ya sauka ƙasa da 10, PCV 30, aka yi shekara sama da hamsin ana bin wannan ba tare da an gwada shi da gaske ba. Sai a 1999 aka fitar da binciken TRICC a Kanada, marasa lafiya 838 a ɗakin kulawa ta musamman, rabi ana ƙara musu in sun sauka ƙasa da 10, rabi sai sun sauka ƙasa da 7. Waɗanda aka jira basu fi mutuwa ba, hasali ma lambar ta ɗan karkata ne zuwa ɓangarensu. A 2011 aka fitar da binciken FOCUS, wannan ya fi kusa da maganar Gwaggo, tsofaffi 2016 da suka karye a ƙugu aka musu aiki, yawancinsu sun haura tamanin, kuma ko dai suna da ciwon zuciya ko suna cikin haɗarinsa. Rabi ana ƙara musu in sun sauka ƙasa da 10, rabi sai ƙasa da 8 ko in alamun rashin jini sun bayyana. Bayan kwana 60 aka duba wa ya mutu, wa ke iya takawa da kansa, babu bambanci, alhali fiye da rabin waɗanda aka jira ko leda ɗaya ba a sa musu ba. Kenan maganar Yaya ta cewa jini zai ba ta ƙarfi ta tashi da wuri, an gwada, bata fito ba.

Ta ɓangaren cuta fa? A 2014 mujallar JAMA ta buga wani aiki da ya tattara irin waɗannan binciken na ƙuri'a wuri ɗaya, aka ga waɗanda aka jira sun ɗan fi ƙarancin kamuwa da cuta mai tsanani a asibiti, kuma inda bambancin ya fi fitowa fili har da masu aikin ƙashi. Amma tazarar bata kai yadda duba fayil yake nunawa ba, ko kusa. Ni yadda na ɗauki abin shine, eh jinin wani yana da ɗan hannu a ciki, amma mafi yawan laifin da ake ɗora masa na girman aikin ne da raunin mai aikin. Shi yasa ita kanta CDC a ƙa'idojinta na 2017 ta faɗa ƙarara cewa kar a hana mai tiyata jinin da yake buƙata wai don gudun kar ciwo ya kamu da cuta.

Don shima rashin jinin ba abin wasa bane, anan ne rabin gaskiyar Yaya yake. Ciwo baya warkewa sai da oksijin, su kansu fararen ƙwayoyin jini da oksijin suke ƙona ƙwayoyin cuta, naman da jini baya isarsa shine gonar cuta. A 2011 mujallar Lancet ta buga binciken Musallam da abokan aikinsa kan mutum sama da 227,000 da aka yi wa manyan ayyuka, kusan kashi 30 cikin 100 sun shiga tiyata da ƙarancin jini, kuma ko ƙarancin kaɗan ne an ga ya ƙara haɗarin mutuwa da matsaloli cikin kwana 30. Wani binciken na Carson a 1996 ya duba mutum 1958 da suka ƙi karɓar jini saboda addininsu, wanda ya shiga aiki da himogulobin 12 ko sama mutuwa wajen 1 ce cikin 100, wanda ya shiga da ƙasa da 6 kuwa ɗaya cikin uku. Ɗaya cikin uku fa. Don haka duk wanda zai ce miki ko ta halin ƙaƙa kar a karɓi jini, ki tambaye shi ko ya taɓa ganin mai PCV 15 yana haki, leɓe fari fat, zuciya na gudu 130 a minti. Ciwo mai ruwa ana wanke shi ya warke, wancan kuwa ba a jira dashi.

Inda aka tsaya yanzu, ƙungiyar AABB mai kula da harkar jini a ƙa'idojinta na 2023 tace ga babban mutum da ke kwance kuma baya zubar da jini a lokacin, a yi tunanin ƙari in ya sauka ƙasa da 7, mai aikin zuciya ana iya ɗaukar 7.5, mai aikin ƙashi ko wanda dama yana da ciwon zuciya 8. Amma akwai mutanen da jira bai cika dacewa dasu ba, kuma gara a faɗa. A Birtaniya a 2015 binciken TITRe2 kan masu aikin zuciya wajen 2000 bai ga bambanci a kamuwa da cuta ba, sai dai mutuwa cikin kwana 90 ta fi yawa a waɗanda aka jira, kashi 4.2 da kashi 2.6, abin ya tada hankali, amma da aka yi wanda ya fi shi girma a 2017, TRICS-III, mutum sama da 5000, ba a sake ganin haka ba. Sai kuma MINT a 2023, wajen mutum 3500 da jijiyar zuciyarsu ta toshe kuma ga ƙarancin jini, shi kam ya karkata ne zuwa ƙari da wuri duk da tazarar bata kai a yanke hukunci ba. Kenan mai zuciyar da ke ciwo a lokacin, ba a masa rowa. Haka masu sikila, nasu lissafin daban ne gaba ɗaya, binciken TAPS da Lancet ta buga a 2013 sai da aka tsayar dashi kafin lokaci saboda waɗanda ba a ƙara wa jini kafin aiki ba sun fi samun matsalar ƙirji mai tsanani. In mai sikila ne za a yi wa aiki, kar a ɗauki maganar nan tawa a je ana musu da likita, shi sau da yawa ƙari kafin aiki shine daidai. Wanda kuma jini ke zuba a lokacin, a tiyata ko bayan haihuwa ko haɗarin mota, babu maganar jiran lamba, don lambar ma bata sauka nan take, sai daga baya take nuna ɓarnar.

Wani ƙaramin abu da nake ganin ya kamata kowa ya sani, leda ɗaya tana ɗaga himogulobin da kusan 1 a babban mutum. Da can in za a rubuta jini biyu biyu ake rubutawa, kamar doka. Yanzu abinda aka fi so shine a sa ɗaya, a sake aunawa, a duba mutumin, in ya isa a tsaya. Kowace leda ai jikin wani mutum daban ce ke shiga naka, kuma bayan maganar garkuwa akwai ruwa ya yi wa tsoho yawa ya taru a huhu, akwai zazzaɓi da ƙaiƙayi, akwai kuskuren sa wa mutum jinin da ba nasa ba, wanda har yau shine abinda muke tsoro ya fi komai, shi yasa kike ganin mu biyu muna tsaye muna karanta suna da lamba da ƙarfi kamar masu gardama.

To a ce dai an yanke za a ƙara. Wanne jinin?

Sabo da tsoho, wannan an gama dashi, kar ki wahalar da kanki. Ana ajiye jajayen ƙwayoyin jini a firji har kwana 35 ko 42, ya danganta da ruwan da aka adana su da dokar ƙasa, kuma an daɗe ana zargin wanda ya kwana biyu shine ke kawo matsala. Aka yi manyan bincike huɗu a jere, ABLE da RECESS a 2015, INFORM a 2016, TRANSFUSE a 2017, dubban mutane, sabon jini bai fi na ajiya ba. Mai cewa shi sai wanda aka ɗiba yau, gaskiya ma ya fi jefa kansa a haɗari in gaggawar ta sa aka taƙaita gwaji.

Tacacce da wanda ba a tace ba, wannan kam akwai magana. Ana wuce da jinin ta wata filta da ke cire fararen ƙwayoyin mai bayarwa, tunda su ake zargi da taɓa garkuwar mai karɓa. Faransa ta mayar dashi dole a 1998, Kanada da Birtaniya a 1999. Wasu binciken, kamar na masu aikin hanji a Denmak a shekarun 1990, sun ga raguwar cuta sosai, wasu kuma basu ga komai ba, masana basu gama daidaitawa ba kan ciwon tiyata. Amma yana rage zazzaɓin ƙarin jini, wannan tabbas ne, kuma bashi da wata illa ga mai karɓa. In akwai shi a karɓa, in babu ba dalilin ƙin jini bane.

Jinin ɗan'uwa da jinin baƙo, nan ne zuciya ke yaudarar mutane. Kowa gani yake na ɗansa ko na ƙaninsa ya fi tsafta. Ta fuskar ciwon tiyata babu abinda ya fi, jinin wani jinin wani ne. Kuma yana da nasa haɗarin, in jinin na kusa ne sosai, uwa da ɗa ko 'yan ciki ɗaya, fararen ƙwayoyinsa suna iya kama da naka har jikinka ya kasa gane baƙi ne ya barsu, su kuma su juyo su far maka, ba kasafai yake faruwa ba amma in ya faru da wuya a tsira, shi yasa ƙa'ida ita ce a haska irin wannan jinin da wani haske na musamman kafin a sa. Miji kuma bai kamata ya ba matarsa da ke cikin shekarun haihuwa ba, don jikinta na iya haɗa garkuwa kan jininsa, ta zo ta taɓa jaririn da za ta ɗauka gaba. Ɗan'uwa ya bada jini a ajiye wa wani, a ba mara lafiyansa na wani da aka gwada, wannan ya fi.

Sai jinin kanka. Hanya biyu ce kuma ba ɗaya suke ba. Ta farko a ɗebi jininka makonni kafin aiki a ajiye maka, ta yi tashe a shekarun 1980 lokacin tsoron cutar ƙanjamau, amma yanzu an ja baya da ita, saboda kai ɗin da ake so ka shiga da jini an rage maka shi da hannu, kuma kusan rabin abinda ake ɗiba zubarwa ake yi ba a amfani dashi. Ta biyun ita ce nake so, wata na'ura ce a ɗakin tiyata, jinin da ke zuba a wurin aiki ta tsotse, ta wanke, ta tace, a mayar maka abinka a take. Babu maganar garkuwa ta yi sanyi tunda naka ne. Iyakarta, sai aikin da ake sa ran zubar jini da yawa take da amfani, ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma in wurin aikin ya gurɓata da abin cikin hanji ko mugunya ba a cika amfani da ita ba.

Amma in gaskiya za a bi, duk wannan zaɓe zaɓen na ranar da ruwa ya riga ya kai wuya ne. Wanda aikinsa ba na gaggawa bane, babban zaɓinsa yana can baya, sati huɗu zuwa shida kafin ranar. A auna jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace mara ciki, ƙarancin jini. In ya yi ƙasa a nemo dalili, kar a tsaya kan rubuta maganin jini kawai, don babban mutum musamman tsoho da sinadarin ayon ɗinsa, wanda jiki ke haɗa jini dashi, ya ƙare, wani lokacin jini ne ke tsiyaya a ciki ko hanji ba a sani ba, kuma masu ciwon gwiwa da suka shekara suna haɗiyar maganin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac suna cikin sahun gaba. In ayon ne ya yi ƙasa, akwai ƙwaya akwai wanda ake sawa ta jijiya. Ƙwaya tana aiki amma tana son lokaci, makonni, ga taurin bayan gida da baƙin kashi da ke sa mutane su ajiye ta a sati na biyu, wasu likitocin yanzu kwana ɗaya bayan ɗaya suke cewa a sha don ciki ya fi ɗauka. Na jijiya ya fi sauri, zama ɗaya ko biyu an gama, ya dace da wanda ranarsa ta matso ko cikinsa baya karɓar ƙwaya. Sai dai kar in yi masa kirarin da ya wuce shi, binciken PREVENTT na 2020 a Birtaniya, mutum 487 masu babban aikin ciki, ya ɗaga musu jini amma bai rage yawan ƙarin jini ba, kuma ba a sa shi ga wanda ke fama da cuta mai zafi a jiki a lokacin, don su ma ƙwayoyin cuta suna son ayon. Duk da haka in aka ce in zaɓa tsakanin a gyara jinin mutum da nasa ɓargon a sati shida, da a ɗura masa leda biyu daren aiki kamar yadda Yaya take so, ba sai na yi dogon tunani ba. Ledar daren aiki lamba kawai take gyarawa a takarda, ta kuma kawo duk haɗarin da muka lissafa.

A cikin ɗakin tiyatar ma akwai abubuwa biyu da suke jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na farko tranexamic acid, tsohon magani ne, wasu ma'aurata masu bincike a Japan, Shosuke da Utako Okamoto, suka fito dashi a farkon shekarun 1960, aikinsa ya hana gudan jinin da ya toshe rauni saurin narkewa. A aikin gwiwa da ƙugu ya zama kamar ruwan sha, kuma binciken POISE-3 na 2022 kan mutum sama da 9500 ya nuna yana rage zubar jini mai tsanani, sai dai wanda ya taɓa samun gudan jini a jijiya ko shanyewar ɓarin jiki dole likita ya auna tukunna. Na biyu ɗumi. Ɗakin tiyata sanyi gareshi, ga maganin barci yana sa jiki ya saki zafinsa, jini kuma in ya yi sanyi baya daskarewa da kyau, jijiyoyin fata su tsuke oksijin ya ƙi isa ciwon. A 1996 Kurz da abokan aikinta suka gwada a mutum 200 masu aikin hanji, waɗanda aka bari suka yi sanyi kashi 19 cikin 100 ciwonsu ya kamu, waɗanda aka ɗumama kashi 6. Bargo mai hura iska mai ɗumi kawai. Wallahi duk lokacin da na ga an fito da mara lafiya yana karkarwa haƙora na haɗuwa, raina ɓaci yake, don na san abinda zai iya biyo baya ranar biyar.

Sauran kuma sanannu ne amma su suka fi jini tasiri nesa ba kusa ba, allurar antibayotik a kan lokaci kafin a yanka ba bayan an gama ba, suga a daidaita shi, mai shan taba ya ajiye aƙalla sati huɗu kafin aiki, gashin wurin aikin in dole ne a cire to da injin aski ba reza ba don reza tana barin ƙananan yanka, hannun mai wanke ciwo ya zama mai tsafta. Mai suga 300 da ya ƙi jini don tsoron ciwo ya yi ruwa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Abinda na ce Gwaggo ta tambayi likitanta huɗu ne kawai, kuma na rubuta mata a takarda don na san za ta manta in ta ga farar riga. Jinina nawa ne yanzu, kuma in ya yi ƙasa akwai lokacin gyarawa? Jini nawa ake sa ran zan zubar, za a sa min maganin rage zuba? A lamba nawa za ku ƙara min? In za a ƙara, ɗaya ɗaya za a sa ana aunawa? Likitan kirki baya jin haushin waɗannan, nata ma daɗi ya ji.

Da aka auna nata 10.6 ne, ayon ya yi ƙasa, maganin ciwon gwiwar ne ya ɗan ci mata ciki. Aka canza shi, aka ɗaga aikin da sati shida, ta yi ta mita wai mun ƙara mata wahala. Ranar aiki tana 12.3. Aka gwada leda biyu aka ajiye da sunanta ko da za a buƙata, Baffa ya ɓata rai nace Baffa ajiyewa ba sawa bace. Washegari ta sauka 9.4, kwana na biyu 9.1, Yaya ta same ni a baranda tace ke baki ga yadda ta yi fari ba, a sa mata mana. Na kai ta bakin gado na nuna mata bugun zuciya 84, numfashi lafiya, ta tashi zaune ba jiri, har ta taka da sandar nan mai ƙafa huɗu zuwa ƙofa ta dawo. Ba a sa ba, ledojin suka koma wa wani. Kwana 14 aka cire ƙarafunan ɗinkin wurin a bushe, sai ɗan ja a ƙasan da ya baje da kansa. Yanzu muna kwana na 40 da wani abu, ni dai na ce mata har mu cika 90 in ta ji gwiwar ta ɗau zafi, ko ta kumbura, ko wani ruwa ya fito komai ƙanƙantarsa, ko zazzaɓi, kar ta sha komai kar ta shafa komai, ta kira ni mu koma.